Daga Ɗakin Bincike Zuwa Zaure: Yadda Ake Isar da Kimiyya ga Mutanen Birni

Tsohuwar harabar Jami'ar Bayero tana daf da ganuwa, ta wajen Ƙofar Kabuga. Daga nan zuwa Kasuwar Kurmi tafiyar 'yan mintoci ce a A Daidaita Sahu. Duk da wannan kusanci, abin da masana suka tabbatar a ɗakin bincike yakan yi shekara da shekaru bai shiga lungunan Yakasai, Mandawari ko Ƙoƙi ba. Idan ma ya shiga, sau da yawa sai ya tarar jita-jita ta riga shi samun wurin zama.

Wasu kan ɗora laifin a kan jama'a, su ce ba sa son ilimin zamani. Wanda ya san birnin Kano ba zai yarda da wannan ba. Gari ne da ya yi ɗaruruwan shekaru yana karatu a Madabo da sauran zaurukan malamai, yana awo da lissafi a kasuwa, yana sarrafa baba da toka a marinar Ƙofar Mata. Mutanen da suka rungumi wayar hannu da sola da takin zamani ba tare da an roƙe su ba, ba za a ce suna gudun sabon abu ba. Gizo yana saƙar ne a wajen isarwa. Bayyana kimiyya ga jama'a sana'a ce mai zaman kanta, tana da ƙa'idoji, ana koyonta, kuma jarinta amana. Da wuya a sami garin da ya sayi wannan darasi da tsada kamar Kano.

Yadda aka rasa amana, da yadda aka dawo da ita

A 1996 annobar sanƙarau ta auka wa Arewacin Najeriya, ta kashe sama da mutum 11,000. Ana cikin wannan tashin hankali kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara kimanin 200 ne suka shiga gwajin, 11 daga cikinsu suka rasu, wasu a rukunin sabon maganin, wasu a rukunin maganin da aka kwatanta shi da shi. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta aikata ba daidai ba, shari'a ta ja, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Kafin a kai ga sasantawa, labarin ya zauna a kowane gida.

Saboda haka a 2003, lokacin da Dokta Ibrahim Datti Ahmad, shugaban Majalisar Ƙoli ta Shari'ar Musulunci, wanda shi kansa likita ne, ya nuna shakku a kan ɗigon rigakafin shan inna, aka ce an gauraya shi da abin hana haihuwa, maganar ta sami kunnuwa a buɗe. Shekarar ce kuma Amurka ta mamaye Iraƙi, zukatan Musulmi a tsorace da duk abin da ya fito daga Yamma. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin kusan shekara guda. Jami'an lafiya suka yi ta nanata cewa maganin ba shi da illa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. Gaskiya suka faɗa, amma hukumar da suke kafa hujja da ita tana cikin waɗanda ake zargi.

Ba a koma rigakafi ba sai a watan Yulin 2004, bayan an samo maganin daga Indunusiya, ƙasar Musulmi. Gwamnan da kansa ya miƙa 'yarsa aka ɗiga mata a bainar jama'a. Amma ɓarna ta riga ta auku. Yaran da cutar ta kama a Najeriya sun tashi daga kimanin 200 a 2002 zuwa sama da 1,000 a 2006, ƙwayar cutar kuma ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20 da a da suka rabu da ita. A watan Fabrairun 2013 'yan bindiga suka kashe mata ma'aikatan rigakafi tara a Kano.

Duk da haka, a watan Yulin 2014 aka ga yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama a Jihar Kano, a Sumaila. Ranar 25 ga Agusta, 2020, aka ayyana cewa nahiyar Afirka ta rabu da ita. Maganin 2014 bai bambanta da na 2003 a asali ba. Abin da ya sauya shi ne mai magana, da yadda yake magana, da abin da yake riƙe da shi a hannu idan ya zo. Daga wannan tarihi ake iya tsamo ƙa'idojin sana'ar.

Saurare kafin magana

Masani yakan fito da amsar tambayar da ba a yi masa ba. A shekarun taƙaddama, tambayar da magidanta suka fi yi a ƙofar gida ita ce: me ya sa idan yaro yana zazzaɓin cizon sauro sai an biya kuɗin kati da na magani, amma wannan ɗigon ake bin mu da shi har gida kyauta, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba? Tambayar mai hankali ce. Wanda ya saba da kasuwa ya san ruwa ba ya tsami banza. Amsarta tana nan: shan inna a jikin ɗan Adam kaɗai take rayuwa, don haka ana iya shafe ta daga doron ƙasa kamar yadda aka shafe agana a 1980, shi ya sa duniya ta zuba kuɗi a kanta. Amma ba za a kai ga ba da wannan amsa ba sai an tsaya an ji tambayar.

Haka kuma tsofaffi da yawa sun taso da fahimtar cewa aljana ce ke shanye ƙafar yaro. Wanda ya yi wa kaka dariya a kan wannan ya rufe ƙofar gidan da hannunsa. Mai dabara zai tambaye ta yadda ciwon ke farawa. Za ta ce da zazzaɓi, daga nan ƙafa ta saki. Sai ya ce, "Hajiya, abin da kuka gani daidai ne, haka yake farawa. Ku ba ni dama in gaya muku abin da muka gano yana faruwa a cikin hanjin yaro kafin zazzaɓin." Ya ɗora a kan abin da ta shaida da idonta, bai ƙaryata ta a gaban jikokinta ba.

Bakin da za a ji

A birni ba a raba magana da mai ita. Kafin a duba me aka ce, sai an tambayi ɗan gidan wa ne. A 2009 Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya jagoranci kafa kwamitin sarakunan Arewa a kan lafiya matakin farko, aikin ya bi ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni. Marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero ya riƙa ɗiga wa yara maganin da hannunsa a gaban jama'a. Waɗanda cutar ta naƙasa, irin su Aminu Ahmad Tudun Wada da ƙungiyarsu, suka shiga unguwanni a kan kekunansu suna magana da iyaye. Daga 2012 asusun UNICEF ya ɗauki dubban mata 'yan sa kai a jihohin Arewa, kowace a unguwarta. Su ne ke shiga gidajen da aka rubuta "ba shiga", su halarci suna, su san wace ce ta haihu, wane yaro ne bai samu ba.

Darasin ga masani shi ne ya san inda ƙafarsa ta tsaya. Namiji baƙo iyakarsa zaure. Wanda zai kawo bayani a kan ruwan rijiya ko kududdufin unguwa, ya fara da gaishe da mai unguwa da limami, ya zauna da ungozoma da wanzami, ya fahimtar da su sosai har su iya maimaitawa ba ya nan. Kuma a kiyaye: malami ko basarake ba lasifika ba ne da za a miƙa wa takarda ya karanta. A ba shi hujja, a bar shi ya yi tambaya har ya gamsu, domin mutuncinsa zai jingina a kan maganar.

Hausar da za a fahimta

Rubuta kimiyya da Hausa ba yau aka fara ba. Tun 1949 Abubakar Imam da Rupert East suka fara fitar da littafin Ikon Allah a Zariya, suna bayanin halittu da yadda duniya ke gudana da Hausar da ɗan firamare zai gane. Abin takaici, masana da yawa a yau idan aka sa musu makirufo sai rabin zancen ya koma Turanci, ko kuma su ɗauko jimlar Turanci su sa mata rigar Hausa, mai sauraro ya ji kalmomin amma ma'ana ta wuce shi.

Gyaran yana da sauƙin faɗi, yana buƙatar horo. A fara da abin da ya shafi mai sauraro, hanyar da aka bi aka gano ta biyo baya. A tsaya a kan saƙo ɗaya a zama ɗaya. A yi amfani da sunan da mutane ke kiran abu da shi, kamar hawan jini, ciwon suga, farfaɗiya, maƙarau. Inda suna ɗaya ya rufe abubuwa biyu, a tsaya a rarrabe. Ƙwayoyin cuta iri-iri ne: kafso da ake saya a kemis yana kashe wani iri, amma ba ya taɓa irin da ke kawo mura, shan sa barkatai kuwa yana sa ƙwayoyin da yake kashewa su daina jin sa. Haka ba kowane zazzaɓi ne na cizon sauro ba, shi ya sa ake gwajin jinin yatsa kafin a sha magani. A ƙarshe a nemi mai sauraro ya maimaita da bakinsa. "To" da gyaɗa kai ladabi ne, ba shaidar fahimta ba.

Gani ya kori ji

Tun zamanin Turawa ake kafa majigi a filayen gari ana nuna finafinan tsafta da noma, kuma a yaƙin shan inna an farfaɗo da wannan hanya a ƙauyukan Kano, aka nuna wa iyaye yadda ƙwayar cutar ke bi ta bayan gida da ruwa zuwa bakin yaro. Amma nuni ba sai da allo ba. A jikin kowace kwalbar rigakafin akwai 'yar da'ira mai murabba'i a tsakiya. Muddin murabba'in ya fi da'irar haske, zafi bai lalata maganin ba. Idan ya yi duhu kamar ta, zubarwa ake yi. Ma'aikaciyar da ta miƙa wa maigida kwalbar ta ce, "Malam, duba da kanka," ta ba shi ikon tantancewa, ta kuma nuna masa ba ta ɓoye komai.

Marinar Ƙofar Mata ma aji ce a buɗe. Marini ya haɗa baba da toka da ruwa a cikin rami ya bar su kwanaki. Ƙananan halittun da ido ba ya gani su ne ke sauya shunin ya narke a ruwa har ya iya shiga zare. Idan aka ɗago zane, da farko kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi ya rikiɗe ya zama shuɗi a gaban idonka. Malamin kimiyyar da ya kai ɗalibansa bakin wannan rami ya koyar da aikin iskar da muke shaƙa fiye da yadda allo zai koyar. Daga nan kuma ake samun amsar uwar da ta ce an riga an ɗiga wa ɗanta, me ya sa za a sake. Kamar rini ne: tsomawa ɗaya ba ta sa zane ya kama, sai an tsoma an ɗaga, an sake tsomawa. A wuraren da gudawa da sauran cututtukan hanji suka yi yawa, ɗigo ɗaya ba ya kama kowane yaro, maimaitawa ce ke cika garkuwar.

Lissafi da ma'aunin gida

Alƙaluma su ne inda aka fi yin tuntuɓe. A 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure, wadda ta haɗa da gwajin rukunin jinin da ke nuna sikila. Yanzu dubban iyaye da waliyyai suna riƙe da takarda mai ɗauke da AA ko AS, suna buƙatar bayani. Idan aka ce masu AS biyu suna da kashi 25 cikin 100 na haifar mai sikila, da yawa za su fahimci cewa a cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne kawai zai samu, idan na fari ya samu sauran ukun sun tsira. Ba haka ba ne.

Ga yadda za a nuna. A sami kofi biyu, ɗaya na uba, ɗaya na uwa. A sa farin wake ɗaya da jan wake ɗaya a kowanne. Waliyyi ya rufe ido ya ɗauko ɗaya daga nan, ɗaya daga can. Ja biyu sikila ke nan. Sai a mayar da waken, a girgiza, a ce wannan ciki na biyu ne, a sake ɗauka. Kafin a yi sau goma zai gane da hannunsa cewa kowane ciki sabon lissafi ne, ja biyu na iya fitowa sau uku a jere, na iya ƙin fitowa.

Haka ma'auni. Uwar da aka ce ta zuba garin ruwan gishiri da sukari na asibiti a lita ɗaya ba lalle ta san lita ba, amma ta san leda biyu ta fiya wata. Idan aka ce cikin yara 200 da ƙwayar shan inna ta shiga jikinsu kusan ɗaya ne ke shanyewa, a ƙara da abin da lissafin ke nufi: gurgu ɗaya a unguwa alama ce cewa yara masu yawa suna ɗauke da ita suna yaɗawa ba a sani ba.

Faɗin gaskiya har inda ba daɗi

Jarabar mai wayar da kai ita ce ya ce babu illa ko kaɗan, don a yarda da wuri. Ranar da yaro ya yi zazzaɓi bayan allura, maganarsa ta faɗi, ta kuma jawo ta abokan aikinsa. Gara a faɗa tun farko: wurin allurar zai iya kumbura, jiki zai iya yin zafi kwana ɗaya ko biyu, ga abin da za a yi, ga alamar da za ta sa a garzaya asibiti.

Yau ma akwai tambayar da ke jiran irin wannan gaskiya. Mutane suna cewa an ce an gama da shan inna tun 2020, me ya sa har yanzu ake zagayawa ana shafa wa yara tawada a ɗan yatsa, ana rubutu da alli a ƙofar gida? Amsar ita ce ɗigon yana ɗauke da ƙwayar cutar da aka raunana. A unguwar da yara da yawa ba su da rigakafi, wannan raunanniyar kan daɗe tana yawo daga yaro zuwa yaro har ta sake yin ƙarfi. Inda kusan kowa ya samu, ba ta da wurin yawo. Bayanin yana da nauyi, amma gara a ji shi daga bakin likita da a tsince shi a murguɗe a WhatsApp. Kuma inda bincike bai kai ba, masani ya ce bai kai ba. Mutanen da suka saba jin malami ya rufe fatawa da "Allahu a'alamu" ba za su raina mai faɗin iyakar saninsa ba.

Shiru ma yana da nasa hatsari. A watan Afrilun 2020, lokacin korona, mace-macen dattawa suka yi yawa a Kano, masu haƙar kabari ne suka fara ba da labari kafin hukumomi su yi bayani mai gamsarwa. Kwanakin da aka yi ana jira, kowa ya cike giɓin da nasa hasashen.

Rediyo da waya

Kano garin rediyo ne. Daga Rediyon Kano zuwa Freedom da aka buɗe a 2003 da sauran tashoshin da suka biyo baya, shirin da ake buɗe layi jama'a su kira ya fi lacca tasiri, domin tambayar mutum ɗaya ta dubu ce. Masanin da zai shiga ya shirya saƙonsa a jimla biyu ko uku, ya amsa tambayar da aka yi masa, kada ya fusata idan an tsokane shi. A waya kuwa saƙon murya ya fi rubutu tafiya, domin yana isa ga wanda ba ya karatun boko. Mai gyara jita-jita ya fara da gaskiyar, ya ambaci ƙaryar sau ɗaya a taƙaice, ya koma kan gaskiyar, ya faɗi sunansa da inda yake aiki. 'Yan jarida da masu shirya finafinan Kannywood su ma suna da nasu nauyi: kafin a yaɗa ikirarin mai magani, a tambayi hujjarsa kamar yadda za a tambayi ɗan siyasa.

Abin da baki ba zai iya ba

Za a iya cewa duk wannan daɗin baki ne, alhali abin da talaka ke nema magani ne da ruwa mai tsafta. Akwai gaskiya a ciki. Ƙin karɓar rigakafi ya ragu sosai a Kano lokacin da aka fara kafa sansanonin lafiya a unguwanni a 2014, inda uwa za ta kawo ɗanta a duba zazzaɓinsa a ba shi magani, sannan a ɗiga masa. Bayani ba ya maye gurbin aiki. Amma aiki ma ba ya isa inda aka nufa sai da bayani. Annobar mashaƙo da ta ɓarke daga ƙarshen 2022, wadda Kano ta fi kowace jiha jin jiki, ta fi kama yaran da ba a yi wa rigakafi ba, alhali allurar tana nan kyauta a asibitoci. Wannan ya nuna amanar da aka gina a kan cuta ɗaya ba ta wadatar ba, kuma idan aka daina ban ruwa tana bushewa.

Don haka lokaci ya yi da Jami'ar Bayero, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da makarantun koyon aikin jinya da tsafta za su mayar da wannan sana'a darasin dole. Kada ɗalibin likitanci ko noma ko kimiyyar haɗa sinadarai ya karɓi shaidar kammalawa sai ya iya tsayawa a zaure ya bayyana bincikensa da Hausa cikin minti biyar, dattijo ya gane, ya kuma yi masa tambaya. Masana harshe su zauna da likitoci su daidaita kalmomi. Gidajen rediyo su ware wa kimiyya lokaci na dindindin, ba sai annoba ta zo ba. Ku kuma masana 'yan asalin birni, ku kuka fi kowa cancantar wannan aiki, domin an san iyayenku, an san gidajenku. Ku koma unguwanninku ku yi magana tun ana zaman lafiya, domin ranar da annoba ta zo, bakin da aka saba ji shi za a saurara.